In maigida na da ciwon suga, ga yadda za ki kama masa

'Yar uwa in likita ya ce maigidanki na da suga nau'i na biyu, to da ke ake, tunda ke ce da tukunya. Nawa maigidan shekara uku kenan da ciwon, muna Agege a Legas, yana harkar tumatir a kasuwar Mile 12.

Ranar ganin likita ki shirya ki bi shi. Maza fa in ki tambaye su me aka ce sai kawai "ba komai, an ce in rage zaƙi", shi kenan. Ki rubuta sunan magani da lokacin sha. Cikin magungunan suga, metformin da abinci ake shan shi don yana ɗan taɓa ciki, shi kuwa glibenclamide in an sha ba a ci komai ba yana iya zubar da suga ƙasa sosai, ga go-silo ɗin Legas mutum ya fita da asuba ya maƙale a danfo awa biyu ciki ba komai. Shi ya sa kullum da alawa a aljihun rigarsa. In kin ga gumi, hannu na rawa, jiri, ko masifa haka kawai, ki gwada sugansa da na'urar gwajin suga. Ƙasa da 70 ne? Ki ba shi rabin kofin lemo mai zaƙi ko babban cokali ɗaya na suga a ruwa, bayan minti 15 ki sake gwadawa. In ya suma kar ki ɗura masa komai a baki, sai asibiti.

Kar ki ware masa tukunya kamar bare, wallahi zai fita ya ci a waje. Mu duk gidan muka canza, malmala ɗaya, miya da yawa, zogale, ugu, wake. Burodin Agege da shayi mai suga cokali uku ne muka fi shan daga a kai. Maltina kuma ba maganin ƙarin jini ba ce, zaƙi ne zalla.

Da dare ki duba ƙafarsa har tsakanin yatsu, don ciwon na kashe jin zafi, ƙusa ta soke shi a taɓon kasuwa bai ma sani ba. Bayan alwala ya goge ta ta bushe.

Sannan don Allah kar ki tsawatar masa kan abinci gaban mutane a wajen biki, ki bari sai kun shiga ɗaki. Ni "Alhaji mu ɗan taka mana" nake cewa bayan isha'i, mu zaga layi na minti talatin muna hira.