Yadda ɗan Zariya zai shiga aikin injiniyancin teku, ko da bai taɓa ganin teku ba

Ƙannena da suka gama injiniyancin gine-gine (sibil) ko na albarkatun ruwa (wota risosis) a ABU suna yawan tambayata, wai yaya mu da muka tashi tsakanin Samaru da Sabon Gari, ruwan da muka sani bai wuce Kubanni da Galma ba, ta ina za mu shiga aikin tashar jiragen ruwa? Amsata kullum ɗaya ce, wanda zai ɗauke ka aiki ba zai tambaye ka sau nawa ka je bakin teku ba, abin da zai duba shi ne ka san ƙasa, ka san kankare, ka san yadda ruwa yake kwasar yashi, kuma duk ukun nan a Zariya ake koyonsu.

Fara da yashi, don rabin aikin nan labarin yashi ne. Dubi Bar Beach, bakin tekun nan na Legas. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka gina dogayen katangun duwatsu a mashigar tashar Legas don kada yashi ya toshe wa jirage hanya, to ashe yashin gaɓar nan tafiya yake daga yamma zuwa gabas, da aka tare shi sai ya taru ta yamma, ita kuwa Bar Beach da ke gabas ta daina samun nata, teku ya yi ta cinta shekara da shekaru har ruwa yana hawa titi a Victoria Island. Katangar Eko Atlantic, sabon birnin da ake ginawa a wurin, wadda ake jera mata tubalan kankare masu tan 5 kowanne, gyaran wannan ɓarnar ce. In ka gane labarin nan ka gane darasin farko. Saboda haka in kana ajin ƙarshe ka roƙi malaminka ya ba ka furojet a kan lakar da ke cike dam ɗin Kubanni, ka shiga kwale-kwale ka auna zurfi, ka ɗebo laka ka kai lab. Wanda ya yi wannan da hannunsa, ranar da aka zo maganar yashe hanyar jirgi a intabiyu ba zai yi zuru ba.

Sai kankare. Wanda muka saba zubawa a rufin dakin na gidaje a nan, in ka kai shi ruwan gishiri ba zai je ko'ina ba, gishirin yana ratsawa ya isa ga rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki. Shi ya sa a bakin teku ake rage ruwa a kwaɓi, a ƙara kaurin kankaren da ya rufe rodi. Ka riƙe wani lissafin kuma, nauyin dutsen da ake sa wa katangar karya igiyar ruwa ba daidai da tsayin igiyar yake ƙaruwa ba, in igiya ta ninka sau 2 dutsen sai ya ninka sau 8. Wallahi ranar da na fara ganin wannan sai da na sake bugawa a kalkuleta.

Manhajoji kuwa kada ka ce sai ka tara kuɗi. QGIS na taswira kyauta ne, HEC-RAS na lissafin gudun ruwan kogi kyauta ne, SWAN na lissafin igiyar ruwa ma haka, kuma littafin aikin gaɓar teku na injiniyoyin sojan Amurka yana intanet, data kawai zai ci. Ka zaɓi ɗaya ka iya shi sosai, ya fi ka jera biyar a takardar neman aiki alhali ba ka taɓa buɗe ko ɗaya ba.

In lokacin bautar ƙasa ya zo aka tura ka Legas ko Ribas ko Kuros Riba, don Allah kada ka fara neman a dawo da kai Kaduna, na san Hajiya za ta ce ya yi nisa, ka lallaɓa ta. Can aikin yake, a tashoshin jiragen ruwa na Apapa, Tin Can, Onne, Kalaba, Warri, ga kuma tashar Lekki da aka buɗe a Janairun 2023 mai zurfin mita 16.5. Kuma kada ka tsaya jiran NPA, hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa, ita kaɗai, ƙananan kamfanonin gwajin ƙasa da masu kafa turaku da masu safiyon ƙarƙashin ruwa su suka fi ɗaukar sabon hannu, albashin ba yawa amma nan ake koyo. In ba ka samu kudu ba akwai NIWA, hukumar hanyoyin ruwa na cikin gida, a Lakwaja da tashar Baro a jihar Neja, kogi ne amma yashi da laka duk suna nan. Duk abin da ka yi a wurin aiki ka rubuta shi da kwanan wata, ranar rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, za ka gode mini.

Lantarkin iska na cikin teku shi ne kowa yake ɗoki, to a yi gaskiya, babu ko fanka ɗaya a tekun Najeriya yanzu, na Lambar Rimi a Katsina a tudu suke. Denmak ce ta fara a 1991 da fankoki 11, yanzu tashar lantarkin iska ta Hornsea 2 a tekun Ingila kaɗai tana da 165. Hanyarsa sai ta mastas a waje, Holan ko Ingila ko Denmak, ka sa ido a kan tallafin karatu na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, da na Kwamanwel. Kuma abin da ɗan sibil yake yi a can ba fankar ba ce, gindinta ne, wato ƙaton bututun ƙarfen da ake bugawa cikin ƙasan teku, ka ga an sake dawowa kan gwajin ƙasar nan da wasunku suke gudun ajinsa.

Abu na ƙarshe da ba a faɗa a aji, ka koyi iyo. Kafin a bar ka ka hau jirgin aiki a tsakiyar teku sai ka yi kwas ɗin tsira, irin BOSIET, inda za a sa ka cikin kwaikwayon helikwafta a kifa shi cikin ruwa a ce ka fito ta taga. Kwas ɗin da tsada kuma takardarsa shekara 4 take yi, saboda haka kada ka yi gaggawar biya daga aljihunka, ka fara tambaya ko kamfanin da ya ɗauke ka zai biya.