Yadda za ka gane ko sabon katin girafik ya cancanci kuɗinka

Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya faɗo shagona da la'asar, ko zama bai yi ba ya miƙo mini waya. Hoton RTX 5070 ne, katin girafik mai zana hoton wasa a kwamfuta, a cikin kwalinsa, wani ɗan kasuwa ya turo masa ta WhatsApp.

"Kawu, wannan nake so. Kuɗin sun kusa cika."

Na ce masa, "Madalla. Akwatin wutar injinka wat nawa ne?"

Ya yi shiru, ya sosa ƙeya. Shekara biyu yana wasa da injin bai taɓa kwance murfinsa ba. Mafi yawan masu zuwa mini da wannan magana haka suke: sun haddace sunayen katuna, amma ba su san abin da ke cikin kwamfutarsu ba. Kati kuwa ba ya aiki shi kaɗai. A Maradi sai ya dace da ekaran ɗinka, da kuran ɗin gidanku, da zafin ɗakinka, sannan kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Ga yadda nake bi da mutum kafin in ce masa saya ko bari.

Mataki na ɗaya: gano abin da ke ja maka baya

Buɗe wasan da ke ba ka haushi, ka shiga wurin da ya fi cijewa. Da manhajar MSI Afterburner, wadda kyauta ce, za ka iya sa lambobi su fito a kusurwar ekaran kana cikin wasa. In ba ka da ita, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka duba shafin da ke nuna aikin furosesa, da RAM, da kati.

Idan kati na aiki kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari kuma hoto na tafiya da ƙyar, to shi ne ya gaji, maganar sabo ta taso. Idan kuwa yana wajen kashi 50 ko 60 alhali furosesa ta cika maƙil, ko da katin miliyan ka sa mata ba abin da zai canza. Dubi RAM ma. Giga 8 ta yi kaɗan ga wasannin yanzu, kuma mayar da ita 16 ya fi sayen kati sauƙin kuɗi. Haka wanda har yau wasanninsa ke kan tsohon faifai mai juyawa: SSD yake buƙata, wato ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa.

Akwai ciwon da ba katin da ke warkar da shi. Kana buga Fortnite ko Warzone ta intanet, ka harbi mutum sai bayan ka faɗi harsashinka ya fita. Wannan nisan saba ne, wato kwamfutar da ke haɗa masu wasa, da raunin layi, yawancin sabobin da muke faɗawa a Turai suke. Duba lambar ping tukuna, wadda ke nuna jinkirin layi.

Mataki na biyu: dubi ekaran

Ekaran mai 1920 da 1080 ɗigo miliyan biyu da 'yan kai yake nunawa. Na 4K, wato 3840 da 2160, ninki huɗu ne na wancan. Manyan katuna don ninki huɗun nan aka ƙera su. In naka 1080 ne mai 60Hz, hoto sittin kawai zai nuna maka a sakan, ko katin na fitar da ɗari biyu. Kada ka ji kunyarsa, a ƙididdigar Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta, fiye da rabin masu wasa a duniya 1080 suke amfani da shi.

Juya bayansa kuma ka ga ramukan. Sabbin katuna HDMI da DisplayPort kawai gare su, babu ramin VGA mai shuɗin kai.

Mataki na uku: wuta

A nan ne masu bidiyon gwaji na Amurka da Turai ba su da abin gaya mana, don su ba su san ɗaukewar kuran da tsakar rana ba.

Kwance murfin injin ka karanta takardar da ke manne jikin akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira alimantasiyo. Sannan ka gwada da abin da katin ke ci. GTX 1650 wat 75 ne. RTX 4060 wat 115, RTX 5060 wat 145, RTX 3060 wat 170. RTX 5070 ya kai 250, RX 9070 XT na AMD ya ɗan haura 300, shi kuwa RTX 5090 wat 575 yake zuƙa shi kaɗai. NVIDIA da kanta akwati mai wat 650 ta ce a haɗa wa 5070, mai 1000 kuma ga 5090.

Injin ɗan yayata irin na ofis ne, sirirai ɗin nan da ake kawowa okaziyo. Akwatin wutarsa wat 240, babu igiyar da za ta ciyar da kati, kuma da muka sa ma'auni ko rabin tsawon katin ba zai shiga ba. Ga irin wannan inji, abin da ke yiwuwa shi ne gajeren kati mai shan wuta daga raminsa kawai, kamar GTX 1650 ko RTX 3050 mai giga 6. Duk abin da ya wuce haka, sai ka lissafa da sabon gidan inji da sabon akwatin wuta, wani lokaci har da kartamer, babban allon da komai ke haɗuwa a kansa, domin wasu injinan ofis soket ɗin wutarsu na daban ne.

In za ka sayi akwatin wuta, ɗaga shi a hannu. Wanda aka rubuta wa 700W amma bai fi fankon gwangwani nauyi ba, ajiye shi. Na taɓa karɓar injin wani yaro da irinsa ya ƙone, ya tafi da katin da kartamer rana ɗaya. Araha ba ta ado. Nemi mai alamar 80 Plus daga kamfanin da aka sani. Idan katin mai sabon soket ɗin nan ne na fil 16, tura shi har ya zauna daram, don an samu waɗanda suka narke a kan RTX 4090, sau da yawa saboda bai shiga duka ba.

Sai ondilar, mai riƙe inji da batir in an ɗauke kuran. Ƙaramin nan mai 650VA da ke kowane ofis, abin da yake ɗauka na gaskiya bai wuce wat 360 zuwa 390 ba. Kati mai wat 250, ga furosesa, ga ekaran, ka riga ka cika shi. Kuran na ɗaukewa zai yi ƙara ɗaya ya mutu tare da injin. Mai aiki da panno da batir ya fi kowa buƙatar wannan lissafi: awa biyar kullum a wata guda, kati mai wat 115 zai ci kilowat-awa 17 da ɗoriya, mai 250 zai ci 37 da rabi, mai 575 kuwa 86. Katin kaɗai ke nan, ban sa fanka ko kilim ba.

Mataki na huɗu: zafi da ƙura

Duk wat ɗin da kati ya ci, zafi yake komawa a cikin ɗakinka. Masu gwaji a ɗaki mai sanyin digiri ashirin da 'yan kai suke aunawa. Mu a watan Afrilu da Mayu sai ma'auni ya haura 40 a inuwa, ɗakin kwano kuwa ba a magana. Katin NVIDIA in ya kai wajen digiri 83 yakan rage gudu da kansa don kada ya lalace. Sai ka biya kuɗin babban kati, bazara ta mayar maka da shi matsakaici.

Hunturu kuma da nasa. Ƙurar nan mai laushi kamar garin gero tana shiga tsakanin haƙarƙarin ƙarfen sanyaya kati ta toshe su, ka buɗe ka tarar da ita ta yi tabarma. Ɗaga injin daga ƙasa, rufe shi da zane in ka kashe, ka hure shi da bulowa duk wata lokacin hazo. Riƙe fankar da yatsa kana hurawa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Saboda wannan, ni a garin nan na fi ganin darajar katin da ba ya cin wuta a kan wanda ya fi shi gudu da kashi goma.

Mataki na biyar: karanta kwalin da idon basira

Fara da ma'ajiyar katin, wato VRAM. Giga 8 na isa ga eFootball, EA Sports FC, GTA V da Valorant a 1080, har da saura. Manyan wasannin da ke fitowa yanzu kuwa sun fara cika ta, kuma in ta cika sai hoto ya riƙa tsayawa cak yana ci gaba. RTX 5060 Ti iri biyu ne, mai giga 8 da mai 16, sunansu ɗaya, don haka karanta da kyau. RX 9060 XT ma haka. Arc B580 na Intel, da ya fito a Disamba 2024 da giga 12, yana da sauƙin kuɗi, sai dai yana son sabon inji mai saitin da ake kira Resizable BAR, a tsoho ba ya sakin jiki.

Sai zancen talla. A Janairun 2025, lokacin da Jensen Huang ya gabatar da jerin RTX 50 a Las Vegas, ya ce 5070 zai ba da aikin 4090. Abin da ke ƙarƙashin maganar shi ne DLSS 4, inda katin ke ƙirƙiro hotuna har uku na cike gurbi a bayan kowane hoto na ainihi. Lamba tana hawa, ido yana ganin santsi, amma hannunka ba ya jin saurin amsawar da lambar ke nunawa, kuma sai wasan da aka gina masa dabarar. Idan kana kallon gwaji, nemi lambobin da aka ɗauka ba tare da ita ba.

Tsohon kati ma yana da ranar ritaya. Doom: The Dark Ages na 2025 ba ya buɗewa sam a katin da ba ya lissafin hasken nan na ray tracing, kuma NVIDIA ta daina yi wa jerin GTX 10 sabbin direbobin wasa, wato manhajar da ke tafiyar da kati, daga ƙarshen 2025. Mai GTX 1060 na 2016 da ke son sabbin wasanni yana da hujja. Mai RTX 3060 da ekaran 1080, ban ga abin da yake wa gaggawa ba. Ƙa'idata ita ce, in sabon bai fi naka da aƙalla rabi ba a wasannin da kai kake bugawa, bar kuɗinka a aljihu.

Mataki na shida: farashi, da sabo ko okaziyo

Farashin da kamfani ya sa lokacin fitowarsu a 2025: RTX 5060 dala 299, 5070 dala 549, RX 9070 XT dala 599, 5090 dala 1,999. Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba. Na farkon ya haura jikka 160, na ƙarshen ya wuce miliyan, tun kafin kuɗin jirgi, da duwan, da ribar wanda ya kawo. Ko daga Yamai ya zo, ko ta Ɗan Isa daga Kano, ko wani ya riƙo maka daga Dubai, ƙara waɗannan duka. In da naira aka yi maka kuɗi, tambayi canjin ranar da kanka.

Garantin da ke kan kwali kuma, tambayi kanka wa zai mayar da katin in ya mutu. Garantinka na gaskiya shi ne mutumin da ya sayar maka, da kwanakin da ya yarda ya rubuta a takarda.

Okaziyo ba laifi ba ne, amma kada ka yi cinikin biri a sama. Tun da Ethereum, kuɗin nan na intanet, ta daina haƙo da katuna a Satumbar 2022, waɗanda suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa, RX 580 musamman. Akwai kuma na jabu, tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti. Ka ce a ɗora shi a inji a gabanka. Buɗe manhajar GPU-Z ka ga ko sunansa da ma'ajiyarsa sun dace da abin da aka faɗa. Kunna manhajar gwaji ta FurMark ko wasa mai nauyi minti ashirin zuwa talatin, idonka na kan zafi, kunnenka na kan fanka. Ɗigo-ɗigo masu launi, ko layuka, ko ekaran ya yi baƙi ya dawo, miƙa masa kayansa. Duba sukurorin baya ko an taɓa kwancewa, ka shinshina ko akwai ƙauri. Mai kaya ya ce, "Haba Malam, ba ka yarda da ni ba ne?" Ka ce ka yarda, ka ci gaba da gwajinka.

Wanda kuma ƙwallo kaɗai yake bugawa, ko mai shirin buɗe gidan wasa a unguwa, ya lissafa PlayStation ma kafin ya yanke shawara. Ba ta neman direba, ba ta neman akwatin wuta.

Da muka gama lissafin ɗan yayata a bayan wata takardar rasit, 5070 ɗin ya zo da gida, da akwatin wuta, da ondilar, da ekaran, jimillar ta kusa ninka abin da ya tara. Wasanninsa kuwa FC da GTA V ne. Muka ƙara masa RAM zuwa 16, muka sa SSD, muka samo RTX 3050 gajere da ya shiga injin ba tare da an canza komai ba. Ragowar kuɗin ya ce zai ajiye don ekaran mai 144Hz. Da zai tafi na ba shi aron bulowa, har yau bai dawo da ita ba.