Yadda Ake Zuwa Jamus A Matsayin Au Pair

Au pair matashi ne, mace ko namiji, da ke zama a gidan wani iyali a ƙasar waje, yana taya su renon yara da ƙananan ayyukan gida, su kuma suna ba shi ɗaki da abinci da kuɗin kashewa, tare da damar koyon harshensu. Tunda mata suka fi shiga tsarin, da su za a yi magana a nan.

Da farko ki duba shekarunki. Dole ne ki kai 18, kuma ya zama ba ki cika 27 ba a ranar da kika nemi biza. Zaman yana ɗaukar wata 6 zuwa 12, kuma sau ɗaya ake yin sa a Jamus.

Sai ki koyi Jamusanci har matakin A1, wanda shi ne mafi ƙanƙanta. Cibiyar Goethe da ke Legas, mai koyar da Jamusanci, tana shirya jarrabawar wannan matakin, wato Start Deutsch 1, amma kada ki dogara ga takardar kaɗai, domin ana iya gwada bakinki a ofishin jakadanci ranar hira.

Daga nan ki nemi iyali, ko ta shafukan intanet da ke haɗa iyalai da matasa, ko ta kamfanonin da ke ɗauke da tambarin inganci na RAL, wata cibiyar tantance inganci ta Jamus. Ƙa'ida ita ce gidan ya kasance da yaro ɗan ƙasa da shekara 18, ana jin Jamusanci a cikinsa, kuma masu gidan ba danginki ba ne. Duk "iyalin" da ya ce ki tura masa kuɗi kafin ki zo, ɗan damfara ne.

Matakin da ya fi kowanne nauyi shi ne hira ta bidiyo kafin a sa hannu, kuma a nan ne kunya ke cutar da 'yan matanmu. Ki gaya musu ƙarara cewa kina salla sau biyar, kina sa hijabi, kina azumin Ramadan, ba kya cin naman alade, sannan ki tambaya ko za a buƙaci ki dafa wa yara shi. Ki tambaya ko suna da kare, domin a can kare yana kwana a falo, wani lokaci ma au pair ce ke fita da shi yawo. Ki san ko gidan yana birni ko ƙauye, da nisan makarantar koyon harshe da masallaci, da yadda bas ko jirgin ƙasa ke zuwa, saboda ƙauyen da bas ke daina shiga da magariba yana iya zama miki kurkuku a lokacin hunturu. Ki ji yadda suke tarbiyyar yaransu, ki kuma riƙe cewa tun shekarar 2000 dokar Jamus ta hana dukan yaro, ko da mari ne. Idan sun taɓa ɗaukar au pair, ki nemi su haɗa ki da ita.

Bayan kun daidaita sai a rubuta yarjejeniya. Aiki ba ya wuce awa 6 a rana da awa 30 a mako. Kuɗin kashewa Yuro 280 ne a wata, da ƙarin Yuro 70 na makarantar harshe, kuma iyalin ne ke biyan inshorar lafiya da ta haɗari. Kina da ɗakinki ke kaɗai, da hutun kwana ɗaya da rabi a mako, da hutun mako huɗu idan kika yi shekara cikakkiya. Kuɗin jirgi yawanci a kanki yake. A ganina, wadda ta yi wa iyayenta alkawarin aiko da kuɗi kowane wata daga wannan Yuro 280 ta ɗora wa kanta nauyin da ba za ta iya ba. Ribar zaman ita ce harshen.

Da yarjejeniyar a hannu, ki nemi ranar ganawa a ofishin jakadancin Jamus, wanda a Najeriya yake Abuja, da ƙaramin ofishi a Legas. Ki fara da wuri, domin layi kan yi tsawo. Za ki kai fasfo, da yarjejeniyar, da shaidar harshe da ta inshora, da wasiƙar da ke bayyana dalilinki na tafiya da abin da za ki yi bayan kin gama. Kuɗin bizar Yuro 75 ne.

Idan kin sauka, ki yi rajistar adireshinki a ofishin gari cikin mako biyu, kuma idan bizarki ba ta kai tsawon zaman ba, ki je ofishin baƙi, wato Ausländerbehörde, kafin ta ƙare. Fasfonki ya zauna a hannunki, babu mai gidan da ke da ikon riƙe shi. Idan zaman ya ƙi daɗi, kowane ɓangare na iya soke yarjejeniyar da sanarwar mako biyu, kuma a cikin wannan lokaci ne za ki nemi wani iyali, ki sanar da ofishin baƙi kafin ki koma sabon gidan.