Yadda za ka saurari N.W.A har ka gane abin da ya raba su

Yawancin matasan da ke tambayata labarin N.W.A, ƙungiyar mawaƙan rap ta Amurka, fim ɗin 2015 da aka yi a kansu suka fara kallo, daga nan suka yanke hukuncin wane ne azzalumi, wane ne aka zalunta. Ni shawarata ka ajiye fim ɗin nan sai ƙarshe. Dr. Dre da Ice Cube, biyu daga cikin 'yan ƙungiyar, suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin shirya shi, ɗan Ice Cube ne ma ya fito a matsayin mahaifinsa, kuma mai riƙe da alƙalami ba ya rubuta kansa ɗan wuta. Faya-fayansu za ka bi, ɗaya bayan ɗaya, a jerin shekarun da suka fito.

Kafin ka danna komai, ka tanadi abu biyu. Na farko iyafis, domin waƙoƙin nan cike suke da ashar, ba na kunnawa a falo gaban iyaye ko yara ba ne. Na biyu, duk faifan da za ka ji, ka nemo bayanin da ke bayan kwalinsa a intanet: wa ya rubuta baitoci, wa ya haɗa kiɗa, kamfanin wa ya fitar. Rigimar ƙungiyar nan kaf tana cikin amsoshin tambayoyin nan uku.

Fara da "Boyz-n-the-Hood" ta 1987. Muryar da za ka ji, siririya mai ɗan tsiwa, ta Eazy-E ce, wato Eric Wright na Compton da ke kudancin Los Angeles a Amurka. Amma Ice Cube ne ya rubuta waƙar, Dre ya haɗa kiɗan. Asali ma wasu mawaƙan New York aka rubuta wa ita suka ƙi, sai aka lallaɓa Eazy ya shiga ya rera, alhali shi ba mawaƙi ba ne, mai kuɗin ne. Shi ke da kamfanin Ruthless Records tare da manajansa Jerry Heller, tsohon hannu a harkar waƙa. Ka riƙe wannan tsari a ranka: mai rubutu daban, mai kiɗa daban, mai kamfani daban, kuma mai kamfanin yana tsaye cikin ƙungiyar kamar kowa.

Sai Straight Outta Compton na 1988. Nan za ka daɗe. Ka ji shi sau biyu. A jin farko ka bi muryoyi kawai har ka iya bambance su: Cube da fushinsa, MC Ren mai sanyin murya da nauyin harshe, Eazy mai barkwanci, Dre wanda ya fi ƙarfi a bayan na'ura, shi da DJ Yella. A ji na biyu ka bi magana. Waƙa ta biyu a faifan, wadda suka mayar da kansu kotu suna yi wa 'yan sanda shari'a, ita ce ta sa a 1989 wani babban jami'in FBI mai suna Milt Ahlerich ya aika wa kamfanin Priority Records, mai rarraba faifan, wasiƙar ƙorafi. Gidajen rediyo sun guje su, faifan kuma ya sayu da miliyoyi. Idan kana ganin sun yi ƙari a kan 'yan sandan Los Angeles, ka tuna a watan Maris 1991 aka ɗauki bidiyon 'yan sandan suna dukan wani baƙar fata mai suna Rodney King, a Afrilun 1992 kuma garin ya kama da wuta bayan an wanke 'yan sandan. Kada ka tsallake "Express Yourself": babu ashar a cikinta, Dre ne ya rera, Cube ya rubuta.

Yanzu ƙirga sunan Ice Cube a jerin marubutan wannan faifai da na Eazy-Duz-It, faifan Eazy shi kaɗai na shekarar. Idan ka gama, ba sai an gaya maka dalilin tafiyarsa a ƙarshen 1989 ba. Ya ce abin da aka ba shi bai kai guminsa ba, ya ƙi sa hannu a kwantiragin da aka miƙa masa. Heller kuwa har ya mutu a 2016 yana musanta cewa ya ci haƙƙin kowa. Ni dai a nan ina bayan Cube, ko da ba a nuna mini takardun ba, saboda mutum ɗan shekara 20 da ya ce sai lauya ya duba kafin ya sa hannu bai yi laifi ba.

Daga nan sai ka riƙa jin ɓangarorin biyu bi da bi, kamar mai sauraron shari'a. Ji AmeriKKKa's Most Wanted na 1990, wanda Cube ya je New York ya yi da Bomb Squad, masu haɗa wa Public Enemy kiɗa. Sai 100 Miles and Runnin' na N.W.A a shekarar, inda habaici ya fara fitowa fili. Sai Efil4zaggin na 1991, inda suka riƙa kiran Cube Benedict Arnold, wato janar ɗin da Amurkawa ke buga misalin cin amana da shi. Wannan faifai ya hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard, kuma kiɗan Dre a cikinsa ya fi na farko gogewa nesa ba kusa ba. Amma rubutun ya rame, kuma rabinsa na biyu cin mutuncin mata ne zalla. Ba na ba kowa shawarar ya maimaita shi. A watan Janairun shekarar ne ma Dre ya doki Dee Barnes, mai gabatar da shirin talabijin na Pump It Up!, abin da fim ɗin 2015 ya yi shiru a kai. Sai bayan fitowar fim ɗin, da surutu ya yi yawa, Dre ya fito ya nemi gafarar matan da ya cutar.

Amsar Cube ita ce "No Vaseline", a ƙarshen faifansa Death Certificate na 1991. Zambo ne mai zafi, kuma akwai kalamai a kan Heller da aka soka da cewa ƙin jinin Yahudawa ne, suka kuwa cancanci sukar. Ka tace zagin ka ji saƙon: ana cin kuɗinku kuna tafi. N.W.A ba su taɓa mayar da martani a matsayin ƙungiya ba, domin a lokacin Dre ma ya kama hanya. Ya fita ya kafa kamfanin waƙa na Death Row tare da wani mai suna Suge Knight, Eazy kuma ya kai ƙara yana zargin da barazana aka tilasta masa sakin Dre daga kwantiragi.

Zagayen ƙarshe gajere ne. The Chronic na Disambar 1992, inda Dre da sabon yaronsa Snoop Dogg suka yi wa Eazy ba'a, sai amsar Eazy a 1993, wadda a cikinta yake alfaharin cewa har yanzu yana samun kaso daga cinikin waƙoƙin Dre. Maganar kwantiragi ce dai har wa yau. Eazy ya mutu ranar 26 ga Maris 1995 yana ɗan shekara 30, bayan ya sanar da cewa yana ɗauke da cutar ƙanjamau.

Yanzu kana iya kallon fim ɗin, za ka ga inda aka gyara da inda aka tsallake. Idan gadonsu kake son bi, bi ta hannun Dre: Snoop, Eminem, 50 Cent, har zuwa Kendrick Lamar, ɗan Compton wanda ya gabatar da N.W.A ranar da aka shigar da su zauren karrama mawaƙa na Rock and Roll Hall of Fame a 2016. Ta ɓangaren Eazy kuma akwai Bone Thugs-n-Harmony na Cleveland da ya ɗauka a Ruthless.

Faifai ɗaya da ake yawan mantawa shi ne No One Can Do It Better na The D.O.C., mutumin Dallas da ya yi musu rubutu da yawa, kafin haɗarin mota ya lalata masa maƙogwaro a 1989, 'yan watanni bayan fitowar faifan. Je waƙar ƙarshe, "The Grand Finalé". Cube da Ren da Eazy da D.O.C. duk suna ciki, kowa da baitinsa, a kan kiɗan Dre.