Yadda Ake Gano Laifin Sitabilaizar Agogon Mai da na Zafi a Tsohuwar Land Rover

A watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, direban tsohuwar Land Rover da ya ga allurar agogon zafi ta doshi ja yakan garzaya wurin mai wankin lagireto, alhali sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau. Kafin a kashe ko kwabo, a dubi agogon mai. Idan shi ma ya hau fiye da abin da aka san yana cikin tanki, to a fara zargin sitabilaiza, wato 'yar na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta, domin ita ce ke ba su biyun wuta. Idan kuwa agogo ɗaya ne ke ƙarya, laifin yana ga agogon kansa ko wayarsa ko na'urar da ke aiko masa da saƙo daga tanki ko inji.

Sitabilaizar ƙaramin gwangwani ce a bayan agogon gudu, irin ta kamfanin Smiths da ke cikin ƙirar Series III, wadda aka yi daga 1971 zuwa 1985. A cikinta akwai siririn ƙarfe mai falle biyu da aka naɗe da waya. Yana yin zafi ya lanƙwashe ya yanke wuta, ya huce ya sake haɗawa, har matsakaicin abin da ke fita ya tsaya a volt 10. Na tsofaffin motocin Ford na Amurka kuwa kusan volt 5 suke bayarwa, don haka ba a musanya su.

A murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a auna ƙafar sitabilaizar da aka rubuta wa B. Dole a samu wutar batir, in babu sai a koma kan fis. Daga nan a ɗora ƙaramin kwan gwaji tsakanin ƙafar I da jikin mota. Sitabilaiza mai lafiya za ta sa kwan ya riƙa kyaftawa, kuma a nan ne masu mita mai nuna lambobi ke ruɗewa, su ga lambobi na tsalle su jefar da abu mai kyau. Rashin haske sam yana nufin ta mutu. Haske mai ɗorewa kuwa bai isa hujjar yanke mata hukunci ba, domin ta jikin gwangwaninta take haɗuwa da ƙarfen mota, kuma ƙurar hunturu da tsatsar damina, musamman a motocin da ke zirga-zirga a fadamun Argungu da Yawuri, sukan raba wannan haɗuwar. A kwance ta, a kankare wurin har ya yi ƙyalli, a ɗaure da kyau gefen da aka rubuta TOP yana sama, sannan a sake gwadawa.

Abin da nake roƙon masu gyaran wuta su daina shi ne haɗa wayoyin B da I kai tsaye, domin hakan yana hana direba sanin ranar da injinsa ya ɗau zafi da gaske, yana kuma iya ƙona agogon da samun irinsa ke da wuya yanzu. In ta asali ta gagara samuwa, mai gyaran rediyo zai iya haɗa madadinta da 'yar na'ura mai lamba 7810, muddin ƙafar ragi (negetib) ta batir ce ke haɗe da jikin motar.