Yadda nake tantance bincike kan bashi da ciniki kafin in yarda da shi

Aikina shi ne karanta dogayen rahotanni kan bashi da kasuwanci a ƙasashe masu tasowa, in taƙaita su ga waɗanda ba su da lokacin zama su karanta. Farkon shigata aikin na sha kunya. An ba ni rahoton wata ƙungiya mai ba da rance, wanda ya nuna cewa waɗanda suka ci bashinta sun fi maƙwabtansu ciniki, ni kuwa na rattaba cewa bashin ne ya ɗaga su. Dattijuwar da ke duba aikinmu ta dawo mini da takardar, ta rubuta tambaya ɗaya a gefe da jan biro: "Ɗana, da wa ka gwada su?" Tun daga ranar, da wannan tambayar nake buɗe kowane rahoto, kuma da ita nake so kai ma ka fara.

Wanda ya taka da ƙafarsa ya je neman bashi ba ɗaya yake da wanda ya zauna a gida ba. Da ma can yana da zafin nema, kuma jami'in bashi ya dube shi ya ga alamar zai biya kafin ya sa hannu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. In ka tarar da mutumin nan ya bunƙasa bayan shekara biyu, ba ka da hanyar raba aikin bashin da aikin halinsa. Saboda haka kada ka tsaya kan taƙaitaccen bayanin da ke shafin farko. Wuce kai tsaye zuwa sashen da ya faɗi yadda aka zaɓi mutane, ka duba ko ƙuri'a aka jefa. Idan ƙuri'a ce ta raba wanda zai samu da wanda ba zai samu ba, rukunin biyu sun tashi kunnen doki, duk bambancin da ya fito daga baya ana iya jingina shi ga bashin. Wannan hanya ce ta kai Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer ga lambar Nobel a 2019.

Ka ga abin da ta yi wa labarin ƙaramin rance. Bayan Muhammad Yunus da bankin Grameen na Bangaladash sun karɓi Nobel ta zaman lafiya a 2006, an ɗauka an samo maganin talauci. A 2015 aka buga gwaje-gwajen ƙuri'a guda shida tare, daga Indiya, Habasha, Maroko, Meziko, Mongoliya da Bosniya. Wasu sana'o'i sun ɗan faɗaɗa, amma kuɗin shigar gidaje, in aka haɗa aka raba, bai yi wani tsalle ba. Bashin bai ruguza mutane ba kamar yadda masu suka suke faɗa, bai kuma fitar da su daga talauci ba kamar yadda masu yabo suke rerawa.

To amma a nan ma akwai tarko, wato "in aka haɗa aka raba" ɗin nan. Matsakaicin adadi yana ɓoye mutane. Da aka koma birnin Haidarabad, inda aka yi gwajin Indiya, bayan wasu shekaru, an tarar cewa waɗanda da ma suna da sana'a kafin bashin ya iso sun ci moriya sosai, waɗanda kuwa bashin ne ya sa su buɗe sana'a ba su ga wani abin kirki ba. Don haka ka nemi jadawalin da ya rarraba sakamako: tsofaffin hannu da sababbi, maza da mata.

Misalin da na fi so a nan daga Siri Lanka ya fito. Suresh de Mel da David McKenzie da Christopher Woodruff sun raba wa masu ƙananan sana'o'i kyautar jari ta kimanin dala 100 ko 200, ta hanyar ƙuri'a, aka buga sakamakon a 2008. Ribar jarin ta kai wajen kashi 5 cikin 100 a wata, abin da ya zarce kuɗin ruwan banki nesa ba kusa ba. Amma ribar ta maza ce, a sana'o'in mata kusan babu komai. Mai gaggawa zai ce mata ba su iya juya kuɗi ba. Sai a 2019 wasu masu bincike, cikinsu har da Erica Field da Rohini Pande, suka sake duba alƙaluman da ma'aunin gida gaba ɗaya, suka ga cewa a gidajen da miji ma yake da sana'a, kuɗin matar sau da yawa can yake ƙarewa. Riba ta samu, an dai neme ta a aljihun da ba nan ta shiga ba. Ka riƙa tambayar abin da aka auna, da kuma a hannun wa aka auna shi.

Sannan ka karanta sharuɗɗan bashin da kansu, domin kalmar bashi buhu ce mai ɗauke da kaya iri-iri. A birnin Kolkata na Indiya an gwada bai wa wasu mata hutun wata biyu kafin su fara biya, maimakon su fara bayan mako biyu. Ribarsu ta ƙaru bayan shekara uku, amma waɗanda suka kasa biya ma sun ƙaru. Kuɗin ruwa kuma ka lissafa shi da kanka. Idan an ce kashi 20 a shekara a kan dukan uwar kuɗin, alhali kana mayarwa kaɗan-kaɗan kowane mako, to rabin kuɗin ne kawai ke hannunka a tsakiyar shekara, ainihin ruwan ya kusa ninki biyu.

A ɓangaren cinikin ƙasa da ƙasa tambayar dattijuwar nan ba ta canja ba. An daɗe da sanin cewa kamfanonin da ke fitar da kaya waje sun fi ƙwarewa, amma fitarwar ce ta koya musu, ko ƙwarewar ce ta fitar da su? A garin Fowa na Masar an raba wa masaƙan darduma odar masu saye daga ƙasashen waje ta ƙuri'a. Waɗanda suka samu, ribarsu ta ƙaru da kashi 16 zuwa 26, ingancin saƙarsu ya hau, kodayake yawan abin da suke saƙawa a awa ɗaya ya ragu. Irin wannan shaidar nake kama wa da hannu biyu.

Alƙaluman shigo da kaya da fitarwa, kamar na rumbun Comtrade na Majalisar Ɗinkin Duniya, ka duba su daga ɓangarorin biyu. Abin da wata ƙasa ta ce ta aika ba safai yake daidai da abin da ɗayar ta ce ta karɓa ba. Wani ɓangare na giɓin kuɗin jigila ne da inshora, waɗanda akan lissafa a wajen mai karɓa, saura kuwa yana iya zama kuskure ko fasa-ƙwauri.

Jerin gwanon ƙasashe, wane na ɗaya wane na ɗari, ba na ɓata masa lokaci da yawa. Bankin Duniya da kansa ya dakatar da rahotonsa na Doing Business, mai jera ƙasashe bisa sauƙin yin kasuwanci, a watan Satumba na 2021, bayan an gano an taɓa alƙaluman wasu ƙasashe a bugun 2018 da na 2020. In kana son sanin abin da 'yan kasuwa suke fuskanta a zahiri, buɗe Enterprise Surveys na bankin, inda masu kamfanoni ke amsawa da bakinsu, amma ka tuna yawancinsa kamfanoni masu rajista ne da ke da ma'aikata biyar zuwa sama. Mai sana'ar da ke aiki shi kaɗai ba ya cikin wannan lissafin, sai ka neme shi a binciken gida-gida.