Darasi na Bakwai: Ajiyar Wake Daga Kaka Zuwa Bazara

Babu ƙasar da ta kai Najeriya noman wake a duniya, Nijar ce ke biye mata. Amma da kaka wake ba shi da daraja. Kowa ya girbe, kowa yana neman kuɗin biki da na biyan bashin taki. Sai dillalai su shigo ƙauye su auna da araha, su loda a mota zuwa kasuwar Dawanau ta Kano, daga can a wuce da shi Legas. In bazara ta yi, rumbu ya yi ƙasa, manomin da ya sayar shi ne zai koma kasuwa ya sayi iri da tsada.

Me ya hana shi ajiyewa? Ƙwari. Cikin wata biyu ko uku sai su huhhuda wake, ya zama gari. Wasu kan zuba fiya-fiya, wanda guba ce ga mai ci. Saboda irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

Akwai buhu mai hawa uku, wanda ake kira PICS, aikin masanan Jami'ar Purdue ta Amurka. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Ba a sa magani ko kaɗan, rashin iska ke kashe ƙwarin.

Da farko ka shanya waken ya bushe ƙarau, ka sheƙe shi. Ka cika kowace leda da iska ka matsa, don ka ga ko ta huje. Wadda ta huje ba ta da amfani a nan, a zuba mata wani abu daban. Sannan ka sa ledojin cikin buhun, ka zuba wake, ka danne iskar ta fita, ka murɗe bakin ledar ciki ka ɗaure tam. Ta biyu ma haka, sannan buhun waje. Ka ɗora shi a kan katako, nesa da bango saboda ɓera. Kada maiɗaki ta riƙa kwancewa tana ɗiban na alala. A ware na ci daban.

Aikin gida: a ce Malam Audu yana da buhu 4. Da kaka buhu naira 60,000 ne, da bazara 85,000. Ya sayi buhunan ajiya a kan 3,000 kowanne. Nawa ya ƙaru da shi? Ka rubuta lissafin a littafinka, ka zo da shi aji.